Gumbo, Jambalaya da 'Yan'uwansu: Abincin Kiriyol da na Kejun a Jihar Luwiziyana

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin Walwalar Harshe ya ci karo da kalmar Kiriyol. Abin da aka koya mana shi ne, idan al'ummu masu harsuna mabambanta suka haɗu a kasuwa ko a gona, sukan ƙirƙiri wani harshe na biyan bukata, wato Pijin. Idan kuwa aka haifi yara suka tashi da shi a matsayin harshen uwa, to ya zama Kiriyol, kamar Kiriyo na Saliyo ko Kiriyol na Haiti. To amma a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, in ka ambaci wannan kalma, abin da zai fara faɗo wa mutum a rai shi ne tukunya. A wannan muƙala zan yi bayanin abincin gargajiya na wannan jiha, wanda ya kasu gida biyu, na Kiriyol da na Kejun. Zan duba sunayen abincin da idon ɗalibin harshe, sannan in nuna wa matafiyi abin da ya kamata ya ɗanɗana da wanda ya kamata ya yi tambaya kafin ya kai loma baki.

Su wane ne Kiriyol, su wane ne Kejun?

Faransawa ne suka kafa birnin Niyu Olins a shekarar 1718 a bakin kogin Misisipi. A 1762 yankin ya koma hannun Sifaniyawa, a 1800 ya sake komawa ga Faransa, sannan a 1803 Napoliyon ya sayar wa Amurka da shi a kan dala miliyan 15. Kalmar Kiriyol ta samo asali ne daga crioulo na Fotigis da criollo na Sifaniyanci, dukansu daga aikatau criar mai ma'anar reno. A zamanin mulkin mallaka, ana kiran duk wanda aka haifa a yankin da wannan suna, fari ne ko baƙi, ɗa ne ko bawa, don a bambanta shi da wanda jirgi ya kawo. Daga baya ma'anar ta yi ta sauyawa, har aka yi lokacin da wasu fararen fata suka so su mallake sunan su kaɗai. A yau galibi ana nufin mutanen da asalinsu ya haɗa Afirka da Faransa da Sifen da 'yan asalin ƙasar.

Su kuwa Kejun, labarinsu na gudun hijira ne. Kakanninsu Faransawa ne manoma da masunta da suka zauna a wani yanki na gabashin Kanada da ake kira Akadiya. A 1755 Ingilishi suka fara korarsu da ƙarfin bindiga, aka ƙona gidaje, aka watsa iyalai a jiragen ruwa, dubbai suka mutu a hanya. Wasunsu sun fara isa Luwiziyana wajen 1764 zuwa 1765, kuma a 1785 jirage bakwai suka kawo wasu kimanin 1,600 daga Faransa. Ba su zauna a birni ba. Da yawansu sun nufi dausayi da filayen kiwo na kudu maso yamma, yankin da garin Lafayet yake a yau.

Sunan nasu kansa darasi ne na tsarin sauti. Daga Acadien aka shafe gaɓar farko ya koma Cadien, sannan sautin /d/ da ya zo kafin wasalin gaba ya rikiɗa ya koma /j/, aka sami Cajun, wanda ake furtawa Kejun. Wannan shi ne ganɗantawa, kuma Bahaushe bai bukaci a je da nisa ba kafin ya gane shi, domin shi ne ya mayar da gida gidaje, ya mayar da gudu guje.

Akan taƙaita bambancin girkin biyu da cewa na Kiriyol na birni ne, na Kejun na ƙauye. Akwai gaskiya a ciki. Girkin birni ya sami tumatir da bota da madara da kayan ƙamshi da jirage ke saukewa a tashar ruwa, kuma masu dafa shi a manyan gidaje mafi yawansu mata ne baƙaƙen fata. Girkin ƙauye kuwa na tukunya ɗaya ne, da abin da aka farauto ko aka kamo ko aka yanka a gida. Sai dai ni ban cika gamsuwa da wannan rabo ba, saboda akwai Kiriyol baƙaƙen fata masu yawa a karkara, maƙwabtan Kejun, waɗanda girkinsu kusan ɗaya ne da na maƙwabtan nasu. Iyakar da ke tsakanin tukwanen biyu irin wadda ke tsakanin kare-karen harshe ce: kana iya zana ta a taswira, amma in ka je wurin ba za ka ga layi ba.

Gumbo

Da shi za a fara, domin a 2004 majalisar jihar ta ayyana shi a matsayin abincin jiha. Ana rubuta shi gumbo, amma a bakin Ba'amurke yana fitowa kamar sunan nan namu Gambo. Miya ce mai ɗan kauri da ake zubawa a kwano a kan 'yar shinkafa fara kaɗan, a sha da cokali. Ana yin ta da kaza da tsiran alade, ko da jatan lande da ƙaguwa, ko da agwagwar daji.

Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa sunan ya fito ne daga harsunan Bantu na yankin Angola da Kwango, inda ake kiran kuɓewa kingombo a harshen Kimbundu. Har gobe Faransanci yana kiran kuɓewa gombo, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar za su shaida. Sunanta na Ingilishi kuma, wato okra, akasari ana danganta shi da ọkwụrụ na Ibo. Ke nan manyan harsunan Turai biyu duk daga Afirka suka aro sunan kuɓewa. Akwai ra'ayi na biyu da ke cewa gumbo daga kombo ne na harshen Cokto, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, wanda ke nufin garin ganyen wata bishiya mai suna sassafras.

Wannan gari shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a cikin duk labarin. Ana tsinko ganyen, a shanya, a daka, a tankaɗe, a sami kore-koren gari da ake kaɗawa a miya don ta yi kauri da santsi. Wanda ya taɓa ganin an kaɗa kuka ba ya bukatar ƙarin bayani. Suna kiransa filé, daga aikatau na Faransanci mai nufin yin zare-zare, wato yauƙi. Ƙa'idarsa ita ce sai an sauke tukunya ake barbaɗa shi, don in ya tafasa yakan ɓata miyar. A da, kuɓewa ake sawa a lokacin zafi da take samuwa, a sa filé a lokacin sanyi, daidai da yadda uwargida a nan take komawa ga kuka da busasshiyar kuɓewa idan rani ya yi.

Abu na uku da ke kaurara gumbo daga Faransa ya zo, sunansa roux, ana furta shi ru. Fulawa ce da mai, kusan ma'auni ɗaya, ake soyawa a tukunyar ƙarfe ana juyawa ba tsayawa. A Faransa galibi ana sauke shi tun bai yi duhu sosai ba. A ƙasar Kejun kuwa sai ya yi minti 30 zuwa 45 ko fiye, har ya koma launin cakulan. In mai girki ya yi sakaci ya ga baƙaƙen ɗigo a ciki, to ya ƙone, babu gyara sai zubarwa a sake sabo. Abin lura shi ne, gwargwadon duhunsa gwargwadon ƙamshinsa, amma ƙarfinsa na kaurara miya raguwa yake yi. Da ya kai launin da ake so sai a antaya yankakkiyar albasa da koren tattasai da seleri, su tsayar da suyar. Waɗannan ukun su ne tushen kusan kowane girki a jihar, shi ya sa mutanen, waɗanda da yawansu mabiya ɗarikar Katolika ne, suka yi musu laƙabi da uku masu tsarki.

A tukunya guda, ashe, an sami kuɓewar Afirka da garin ganyen Cokto da soyayyiyar fulawar Faransa. Ba mamaki da a ƙarni na 19 aka riƙa kiran harshen Kiriyol na Luwiziyana kansa da suna gombo, sau da yawa da nufin raini. Marubuci Lafcadio Hearn ya fitar da tarin karin maganar Kiriyol a 1885 mai suna Gombo Zhèbes, sunan wani nau'in gumbo na ganyaye. A shekarar kuma ya fitar da ɗaya daga cikin littattafan farko na girkin birnin.

Mafi shaharar mai dafa gumbon ganyen nan ita ce Leah Chase, wadda ta rasu a 2019 tana da shekara 96. Gidan abincin iyalinta, Dooky Chase's, yana unguwar Tireme, kuma a zamanin da doka ta hana baƙi da fari zama teburi ɗaya, a benensa masu fafitikar 'yancin baƙar fata suke taro. A 2008 Barack Obama ya je can lokacin yaƙin neman zaɓe, ya ɗauki kwalbar yaji zai zuba a gumbo tun bai ɗanɗana ba, tsohuwar ta kwaɓe shi. Matafiyi ya riƙe wannan.

Shinkafa da waɗanda suka kawo ta

Kusan komai a Luwiziyana da shinkafa ake ci, kuma wannan ba haka kawai ya faru ba. Jiragen bayi na farko sun iso a 1719 daga Wida, a ƙasar Binin ta yau, kuma kamfanin da ya aike su ya umarci matuƙan da su sayo irin shinkafa da bayin da suka iya nomanta. Malamar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta nuna a littafinta na 1992 cewa kimanin kashi biyu cikin uku na bayin da aka kai yankin a zamanin Faransawa daga Senigambiya aka ɗebo su, ƙasar masu noman shinkafa. A cikin takardun kotu da na gado da ta tattara akwai Wolof da Bambara da Mandingo da Fulani da Yarbawa da Ibo da mutanen Kwango, akwai kuma Hausawa fiye da ɗari, kusan dukansu maza. Ba zan ce ga wani abinci da Bahaushe ya kai can ba. Abin da takardun suka tabbatar shi ne akwai masu jin harshenmu a gonakin da wannan girki ya tsiro.

Jambalaya dafa-duka ce. Ana soya nama da kayan miya, a zuba romo, a zuba ɗanyar shinkafa, a rufe har ta tsotse. Ta Kiriyol ja ce saboda tumatir, kuma duk wanda ya gan ta zai tuna jalof. Ta Kejun ba ta da tumatir. Launinta na ƙasa-ƙasa yana fitowa ne daga abin da ya kama a gindin tukunya lokacin suyar nama, wanda ake kankarowa da romo. Garin Gonzales ya yi suna a kanta, tun 1968 ake yin bikinta a can. Game da sunan, za ka ji masu yi wa baƙi jagora suna cewa wai daga jambon ne, naman cinyar alade a Faransanci, da wata kalma ya ko yaya mai nufin shinkafa a wani harshen Afirka da ba a taɓa faɗin sunansa ba. Ɗalibin harshe ya yi hattara da irin wannan asali mai daɗin ji marar shaida. Abin da ke da hujja a rubuce shi ne kalmar jambalaia ta harshen Furobans na kudancin Faransa, mai nufin gauraye.

Ranar Litinin kuwa ta jan wake da shinkafa ce. Dalili shi ne ita ce ranar wanki a da, sai mata su ɗora wake da ƙashin naman alade da ya rage ranar Lahadi, su bar shi yana dahuwa a hankali suna wanki. Ana dafa shi har ya narke ya yi kirtif, a zuba a kan shinkafa. Injin wanki ya zo, amma gidajen abinci ba su daina sayar da shi ranar Litinin ba. Akwai kuma wadda suke kira dattin shinkafa, don an dafa ta da niƙaƙƙiyar hanta da ƙundun kaza, sunan ne kawai marar daɗi.

Ƙwaron fadama

Crawfish ɗan'uwan jatan lande ne, amma a ruwan daɗi yake rayuwa, tsawonsa kamar yatsa, da hannuwa biyu irin na kunama. Kada a haɗa shi da busasshen kirafish da ake aunawa a kasuwanninmu, wannan ƙananan jatan lande ne na teku. Manoman Luwiziyana suna kiwonsa a gonar shinkafa: bayan girbi sai a sake cika gonar da ruwa, ƙwaron ya fito daga rami ya ci ragowar karan. Kakarsa takan kama daga farkon shekara zuwa Yuni, amma ya fi ƙiba da araha tsakanin Maris da Mayu. Farin da aka yi a 2023 ya sa ya yi ƙaranci da tsada a kakar 2024.

Cinsa taro ne. Ana tafasa buhu guda a babbar tukunya da barkono da gishiri da tafarnuwa da lemon tsami da masara da dankalin turawa, a juye a kan dogon teburi da aka shimfiɗa wa jarida, kowa ya tsaya ya sa hannu. Ana murɗe kan, a ɓare wutsiyar a cinye, gwanaye kuma har su zuƙe romon da ke cikin kan. Mutum ɗaya yakan tashi da kilo biyu, domin naman kaɗan ne. Wanda ba ya son ɓata hannu sai ya nemi étouffée, kalmar Faransanci mai nufin abin da aka turnuƙe, wato wutsiyoyin da aka dafa a rufe cikin bota da albasa da ru mai haske, a kan shinkafa. Garin Breaux Bridge ne cibiyarsa, majalisar jiha ta ba shi wannan matsayi tun 1959.

Yana da kyau a sani cewa har tsakiyar ƙarni na 20 ana kallon wannan abinci a matsayin na talaka, kamar yadda ake kallon masu shi. Kundin tsarin mulkin jihar na 1921 ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa, aka riƙa hukunta yaran da suka yi Faransanci a makaranta, har iyaye suka daina koya wa 'ya'yansu. Sai a 1968 aka kafa hukumar CODOFIL don farfaɗo da harshen. Shi kuwa Kiriyol na jihar, wanda ake kira Kouri-Vini, masu jinsa a yau ba su kai 10,000 ba. Girkin ya yi sa'ar da harshen bai yi ba. Wani kuku Bakejune, Paul Prudhomme, ya buɗe gidan abinci a Niyu Olins a 1979, ya fito da wani kifi da ake shafe wa yaji a gasa a jan kasko har ya yi baƙi. Kifin ya karɓu a duk Amurka har sai da hukuma ta hana kamun irinsa don sayarwa kafin ƙarshen shekarun 1980. Gidan abincin ya rufe a 2020. Daga nan ne duniya ta ɗauka cewa Kejun na nufin duk abin da aka cika wa barkono, alhali girkin gida bai kai miyar attaruhunmu zafi ba. Yajin yana kan teburi ne a kwalba, mafi shahara Tabasco, wanda iyalin McIlhenny suke yi a tsibirin Avery tun 1868 da barkono da gishiri da binega.

Abin da Musulmi zai kiyaye

Alade ya ratsa wannan girki ta ko'ina, kuma sau da yawa ba ya fitowa a sunan abincin. Andouille tsiran alade ne mai hayaƙi, yana cikin mafi yawan gumbo da jambalaya. Tasso ma alade ne. Boudin, wanda ake sayarwa har a gidajen mai a ƙasar Kejun, naman alade ne da hanta da shinkafa a cikin hanji, kuma ko wanda aka ce na crawfish ne, hanjin yakan zama na alade. Jan wake na Litinin da wuya a same shi babu shi. Muffuletta, burodin da 'yan Sisili suka shahara da shi tun 1906, cike yake da shi. Gumbon ganye asalinsa na azumin Kirista ne marar nama, amma na Dooky Chase's nama iri-iri ne a ciki. Ko gumbon kayan ruwa sai an tambaya, domin wasu sukan jefa tsiran a ciki, wasu kuma da kitsen alade suke soya ru. Miyar kunkuru da giya ake ƙarasa ta, haka ma ayabar da ake kunna wa wuta a gaban mai ci.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Mazhabar Malikiyya ta halatta dabbobin ruwa, saboda haka étouffée da jatan lande a miyar tumatir da gasasshen kifi duk suna nan, bayan an tambayi irin romon da aka yi amfani da shi. Dafaffen crawfish ma haka, sai dai a tabbatar ba a jefa tsiran a tukunyar ba. Akwai po'boy, dogon burodi da aka cusa wa soyayyen jatan lande ko tarwaɗa da latas da tumatir. An ce ya samo sunansa ne a 1929, lokacin yajin aikin direbobin taragon cikin gari, da wasu 'yan'uwa biyu masu suna Martin suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta suna kiransu yaran talakawa. Shawarata ga mai zaɓin lokacin tafiya ita ce ya je a cikin kwanaki 40 na azumin Katolika, tsakanin bikin Mardi Gras da Ista. A ranakun Juma'a na wannan lokaci ba sa cin nama, gidajen abinci da yawa suna da girkin kifi zalla, kuma daidai da kakar crawfish ke nan.

Kayan zaƙi ba su da matsala sosai. Beignet fanke ne mai kusurwa huɗu da ake binnewa da garin sukari. A Café du Monde, wanda ke kasuwar Faransawa tun 1862, uku-uku ake kawo shi tare da kofi mai madara da aka gauraya da gasasshen saiwar wani tsiro mai suna cikori. Kada a sa baƙar riga. Praline alawa ce ta sukari da madara da wata gyaɗar bishiya mai suna pikan, 'yar'uwar kantu. Wanda na fi so matafiyi ya nema, ko da yake ya yi wuyar samu yanzu, shi ne calas, dafaffiyar shinkafa da aka kwaɓa da yis da ƙwai da sukari aka soya. A ƙarni na 19 mata baƙaƙen fata ne suke tallansa da sassafe a kan tituna, da kwando a ka. Wasu masana suna danganta sunan da kara na Nufanci, wanda zai sa ya zama dangin akara na Yarbawa, wato ƙosai, ko da yake a sarrafawa ya fi kusa da waina.

In ka sayi dozin na wani abu a wasu shagunan jihar, mai kanti zai iya ƙara maka ɗaya ya ce lagniappe ne, ana furta shi lanyap. Kalmar ta taso ne daga yapa na harshen Kecuwa a tsaunukan Peru, ta shiga Sifaniyanci ta zama la ñapa, Faransawan Luwiziyana suka haɗe ta da harafin ma'arifarta suka mayar da ita kalma ɗaya, kamar yadda muka yi wa al-kitab da al-ƙalam na Larabci. Ma'anarta gyara.